Azumin Madam Nansi

Bana zafin bazara ya zo Kafanchan da wuri. Tun kafin mangwaro ya nuna, kwanon rufin ɗan asibitin da nake aiki ya fara ƙara da hantsi kamar ana jifansa da tsakuwa. Jiya wata tsohuwa da aka kwantar mana ta kau da kai daga cokalin kunu, ta damƙe baki, 'yarta tana lallashi tana share hawaye. Na karɓi kofin na zauna a bakin gadon, sai na ji bakina ya ce, "Kaka, me kike jira?" 'Yar ta dube ni kamar na zautu. Ni kuwa na san inda na koyo tambayar. A Doha na koyo ta, shekarar 2015, da azumi ya faɗo a tsakiyar zafi.

Lokacin shekarata biyu a ƙasar. Kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, wani kamfani ne da ke tura ma'aikatan jinya gidajen mutane, shi ya tura ni wani gida a Umm Salal, can bayan gonakin dabino inda kwalta ke ƙarewa. Maigidan Bature ne ɗan Ingila, Mista Kolin, injiniyan gas. Wata guda yana cikin teku, sati ɗaya yana gida. Matarsa da yara sun gudu Ingila tun ranar da aka rufe makaranta, kamar yadda duk mai hali ke yi idan zafi ya kama. Aka bar mahaifiyarsa, don likita ya ce ba za ta iya dogon jirgi ba sai ta ƙara ƙarfi. Sunanta Madam Nansi, shekarunta tamanin da biyar, kuma ciwon mantuwa ya riga ya ci rabin abin da ta sani.

Mu uku ke nan a gida mai ɗaki bakwai: ita, ni, da mai girki, Mma Hawa, 'yar Zangon Kumasi. Ranar da na zo na gaishe ta da Turanci, ta kalli tsagar da ke gefen idona ta ce, "Sista, ka na jin Hausa ko?" Hausarta ta Zango ce, kowa namiji ne a bakinta. Na yi dariya, ita ma ta yi, daga nan muka zama uwa da 'ya.

Zafin nan namu na gida yana da kunya, idan ka shiga gindin mangwaro sai ya ƙyale ka. Na Doha bai san inuwa ba. Da ƙarfe shida na safe ka buɗe ƙofa sai ka ji kamar an kifa maka tawul da aka tsamo daga tafasasshen ruwa. Tabarauna kan yi hazo nan take. Tankin ruwa yana kan rufi, kafin hantsi ya tafasa, saboda haka muka kashe injin ɗumama ruwa, famfon zafi ya koma na sanyi, na sanyi ya koma na zafi. Wanka wa Madam da sassafe nake yi, da ruwan da na tara a bokiti ya kwana a ɗaki mai AC. Mma Hawa takan shanya zannuwan gado, kafin ta gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe ya yi tauri kamar ƙirgi. Daga ƙarfe goma mukan ja labulaye duka. Ba mota, ba tsuntsu, ba muryar mutum, ma'aikatan gonar ma sun shige ɗakunansu. Sai gurnanin AC kawai, da takun silifas ɗin Mma Hawa a kan tayil. Ga shi tana azumi, sa'o'i wajen goma sha biyar ba ruwa, tana tsaye a gaban murhu tana dafa wa marasa azumi abinci.

Ɗakin Madam cike yake da hotuna. Mma Hawa ce ta fara gaya mini, "Tsohuwa nan da ka ke gani, a garinsu ya fi ɗan sarki suna. Dariya ya ke ba mutane." Daga baya na karanta guntayen jaridun da ke cikin wani kundi a kan teburinta. Ta fara hawa dandamali tana 'yar shekara goma sha biyar, a gidajen wasa na bakin teku inda leburori ke zuwa hutu. Ta yi shekara fiye da hamsin tana wasan barkwanci, daga dandamali zuwa rediyo zuwa talabijin. A kusan duk hotunan kaya ɗaya ne a jikinta: rigar 'yar aiki baƙa, farin gyauto a gaba, hula ta karkace, ido a zare kamar wadda ta fasa tulun uwar gida. Abin da na lura da shi, ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar hoto ba. Kullum tana gefen dama, hagunta fili.

A jikinta kuwa ba abin da ya rage sai ƙashi da idanu. Amma idan ta ga dama, ta ɗaga gira ɗaya kawai, sai ka ji dariya ta kuɓuce maka ba ka san dalili ba.

Kwana uku da fara azumi ta daina cin abinci. Na kawo shayi da burodi da ƙwai, ta ture. Na kawo miyar kaza da rana, ta juya fuska bango. Ruwa ma sai dai ta jiƙa leɓe ta tofar. Da farko na ɗauka azumin Mma Hawa take kwaikwayo. Na auna komai, ba zazzaɓi, ba ciwon baki. Kwana biyu, uku, leɓenta ya tsage, idan na ja fatar bayan hannunta sai ta tsaya a tsaye. Na sa mata ƙarin ruwa, ta fizge allurar. Likitan kamfani ya zo, ya ce idan ba ta ci ba zuwa ranar Lahadi, asibiti za a kai ta a zura mata roba ta hanci. Na taɓa ganin masu irin ciwonta da aka yi wa haka. Ɗaure musu hannu ake yi a ƙarfen gado, kuma kaɗan ne ke dawowa gida.

Ranar Juma'a, ranar hutu da ibadarmu a can, ban je coci a Mesaimeer ba, karo na farko tun zuwana ƙasar. Na zauna a gabanta da kwanon a hannu, na gaji da lallashi, na ce, "Madam, don Allah, me kike jira?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa mutum.

"Yarinya, sabuwa ce ke a nan? Ba a cin abinci kafin wasa."

"Wane wasa, Madam?"

"Na yamma mana. Kullum ina shiri, ba wanda ya zo ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wane irin gidan wasa ne wannan?"

Na je kicin na gaya wa Mma Hawa. Tana yanka albasa, ta ajiye wuƙar ta ce, "To, mu ba shi wasa. Shi ma azumi ya ke yi, nashi dabam. In ya gama wasa, ni na sha ruwa, shi ma ya sha. Khalas, shi ke nan."

Mijinta yana tura kaya a kasuwar Souq Waqif. Washegari ya aiko mana da jan yadi mai kauri, yadi shida. Muka ɗaura igiyar shanya daga ƙarfen taga zuwa ƙusar agogon bango a babban falo, muka rataya yadin. Na ɗauko fitilar karatu na karkata ta. Muka jera kujeru biyu. Mma Hawa ta ba da farin gyautonta na girki. Da ya rage kamar minti ashirin a kira magariba, na je na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin sau uku na ce, "Madam Nansi, saura minti biyar."

Matar da sai na tallafe ta take zuwa bayan gida, ita ce ta miƙe da kanta. Ta ɗaura gyauton, ta lalubi gashinta, ta kama hannuna har bayan labule, sannan ta sake ni. Mma Hawa ta ja yadin.

Ta tako uku, ta tsaya a gefen dama. Ta juya ta kalli hagunta, daidai tsayin fuskar mutum, ta yi shiru tana saurare. Can ta ce, "A'a, ba mutuwa ya yi ba. Haka yake zama idan yana farin ciki."

Ta sake yin shiru, tana gyaɗa kai. "Na sa gishiri mana. Me kike tsammani ya sa kare ya koma gidan maƙwabta?"

Shiru kuma. Ta ƙirga yatsu. "Uku. Huɗu idan an haɗa da limamin coci, amma shi kuskure ya yi, ba ya gani sosai."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Mma Hawa, da Turancinta na kasuwa ne, tana dariya tana dafe ƙirji tana cewa kada a karya mata azumi. Minti goma sha biyu wasan ya ɗauka. Ta rusuna, muka tafa. Daga masallacin gonar aka kira salla. Mma Hawa ta kawo dabino da koko irin nasu mai yaji, da ƙosai. Madam Nansi ta zauna a tsakaninmu ta sha kofi biyu na ruwa, ta ci dabino huɗu da ƙosai uku, ta ce yajin zai kashe ta, ta miƙa hannu a ƙara.

Haka muka shiga tsarin. Safe wanka da magani. Rana shiru da labule a rufe, ina ɗiga mata ruwa da dabara, na ce mata don murya ne, ta yarda da kurɓa uku uku. Yamma wasa. Magariba ci. Ni ma sai na ga ba na iya cin abincin rana a gidan da mutum biyu ke jin yunwa, na koma shan ruwa kawai. Yunwar yamma ta Doha wata iri ce, ba ta murɗa ciki, kai take sa wa ya yi sakayau, kunne ya riƙa jin abin da da ba ya ji.

A sati na biyu ne dariyar ta fara raguwa a bakina. Na riƙa duba agogo. Shirun farko daƙiƙa huɗu ne, na biyu shida, na uku huɗu. Kullum haka, ba ƙari ba ragi, daga matar da ba ta san ko yau wace rana ba ce. Wata rana tana cikin magana ta yi saurin janye ƙafa ta ce, "Kin taka ni," da wata murya ƙasa ƙasa da ba ta wasa ba ce. Wata rana kuma ta tsaya ta ce, "Kin yi sauri, sake faɗa," ta jira, sannan ta ci gaba. Idan za ta rusuna, hannun hagunta kan fita gefe, yatsun a lanƙwashe, kamar an riƙe su.

Sai Mma Hawa ta daina share wannan gefen. Na ga ƙura ta taru a hagun labulen, na yi mata magana. Ta ce, "Sista, ka je ka tsaya wurin, ka dawo ka gaya mini."

Tsakar rana ce, wajen ƙarfe ɗaya. Na je na tsaya. Ba iskar AC ke bugun wurin ba, na ɗaga hannu na gwada. Amma sanyi ne ke tasowa daga tayil, mai danshi, da wari kamar na bargon da ya daɗe a jiƙe, da ɗan ƙaurin gawayi. Gawayi a gidan da ko ashana ba a ƙyastawa sai a kicin. Na ce a raina bututun ruwa ne ya bi ta ƙarƙashi. Na koma kicin, Mma Hawa ba ta tambaye ni abin da na ji ba. Tun daga ranar, kafin ta ja labule sai na ga leɓenta yana motsi, ni ma nakan yi tawa addu'ar a zuci.

Da Mista Kolin ya bugo waya daga teku, na ba shi labarin cin abincin, ya yi murna ƙwarai. Sai na ce, "Yallaɓai, da wa take magana a wasan?"

Ya ce, "Da Rose. Tagwaye ne su. Ba ki ga hotonta ba, don uwata ba ta ajiye ko ɗaya ba."

Ya ce tare suka fara, Nansi mai ba da dariya, Rose mai jefo mata tambaya. Sunan Nansi ne a manyan haruffa, ita masu gidajen wasa ke nema. Wani hunturu, 'yan shekaru bayan babban yaƙin duniya, lokacin da abinci ma da kati ake rabawa, suna wani masauki mai arha a wani garin bakin teku, ciwon huhu ya kama Rose. Da safe aka tarar ta mutu a gado. Da yamma Nansi ta hau dandamali ita kaɗai, ta yi wasan kamar yadda suka saba, tana barin gurbin maganar 'yar'uwarta. Mutane ba su san abin da ya faru ba, suka ɗauka sabon salo ne, suka yi dariya kamar za su karya kujeru.

"Da wannan ta yi suna," in ji shi. "Shekara hamsin ana roƙonta ta faɗi abin da ɗayar ke cewa. Ba ta taɓa faɗa ba. Ni ɗanta ma ban sani ba."

Ranar ashirin da bakwai ga azumi, da ƙarfe biyu na rana, wuta ta ɗauke. A Kafanchan wannan ba labari ba ne, sai a ɗauki tabarma a fita. A can kuwa gidan da ba AC akwatin ƙarfe ne a kan murhu. Na buga waya, aka ce wani abu ne ya ƙone a layin gonakin, ana gyara. Na kira motar kamfani, direban yana can wani gari, ba zai iso ba sai dare. Gurnanin da muka saba ji ya tsaya, sai na gane ashe shi ke rufe shirun gidan. Har bugun agogon falo ana ji daga sama.

Kafin ƙarfe uku bango ya fara ɗumi. Muka sauko da Madam falo, don ya fi ko'ina sanyi. Muka jiƙa zannuwa da sauran ruwan bokiti, muna shafa mata, muna fifita da murfin kwali. Ƙanƙarar firji ta narke, na zuba a kofi, ta ƙi sha. Bugun zuciyarta yana sauri, ƙarfinsa yana raguwa. Mma Hawa leɓenta ya yi fari fat, na ce ta karya azumin, Allah ya ga halin da ake ciki. Ta ce saura kaɗan, ta ci gaba da fifita, gumi yana ɗiga daga haɓarta.

Wajen ƙarfe shida, muna zaune jigum, aka ƙwanƙwasa sau uku. Ba ƙofar waje ba ce. Daga sama sautin ya zo, daga wajen ɗakin Madam. Na san katako kan yi ƙara idan zafi ya shige shi, na sha gaya wa kaina haka tun daga lokacin. Mma Hawa ta daina fifita.

Madam Nansi ta buɗe ido ta ce, "An kira."

Na ce, "Madam, yau ba wasa, ba wuta."

Ta riga ta miƙe. Ba ta nemi gyauto ba. Ta taka zuwa labulen da yake a buɗe tun jiya, rigar barcinta a jiƙe ta manne mata. Ba fitila, sai jan hasken yamma da ke ratsowa ta labulen taga. Ta wuce gefen dama ba ta tsaya ba. Ta je ta tsaya a hagu, cikin ƙurar nan, ta juyo ta kalli dama.

Muryar da ta fito ba mu taɓa jin ta ba. Siririya ce, a natse, ta yarinya mai kunya.

"Nansi, me ya sami mijinki? Mutuwa ya yi?"

Ta yi shiru, daidai tsawon amsar.

"Kin kuwa sa gishiri a miyar nan?"

Shiru.

"Tsaya, wai maza nawa ne suka nemi aurenki?"

Na san amsoshin duka, na haddace su a sati biyu da wani abu. A cikin kowane shiru sai na ji amsar tana zuwa da muryar da na saba, har da inda take jan numfashi. Ko a kaina take ko a ɗakin, ban iya rabewa ba. Na waiga na ga Mma Hawa ba tsohuwar take kallo ba, gefen dama take kallo, hannunta ya damƙe nawa har farcenta ya shiga.

Haka ta bi wasan tun daga farko har ƙarshe, rabin da duniya ba ta taɓa ji ba, a gaban mai girki da ma'aikaciyar jinya. Da ta kai inda ake rusunawa, ba ta rusuna ba. Ta matsa kusa da gefen dama, ta sunkuya kamar mai duba wanda ke kwance.

"Nansi. Tashi mana, gari ya waye."

Ta jira.

"Nansi, kada ki yi mini wasa. Tashi."

Wannan shirun ba wanda ya cika shi. Ban san tsawon da ya yi ba. Gwiwoyinta suka lanƙwashe, na yi tsalle na tare ta kafin ta kai ƙasa. Muka kwantar da ita a kan doguwar kujera. Daga masallacin gonar, da yake ba lasifika, muka ji ladan da muryarsa ta Allah, can nesa. Mma Hawa ta ɗauki kofin ruwan, kafin ta kai bakinta sai ta kai bakin tsohuwar. Ta sha. Ta sha har ya ƙare.

Ta kama wuyan rigata ta jawo ni kusa. Idanunta sun washe, irin washewar da masu ciwon nan kan samu jefi jefi.

"Burodi ɗaya ya rage mana," ta ce. "Na yanka biyu. Na ci nawa. Na ga tana barci, na ce ba za ta sani ba, na cinye nata. Sai daga baya na taɓa ta."

Na ce, "Yunwa ce, Madam. Ku yara ne."

"Mai gidan wasa ya ce idan Nansi ba ta hau ba, babu aiki, babu ɗaki. Ba wanda ke iya raba mu, ko uwarmu sai ta duba bayan kunne. Na sa hularta." Ta ƙara damƙe rigata. "Ni ba na ba da dariya, yarinya. Ban taɓa iyawa ba. Maganarta kawai nake faɗa yadda take faɗa."

Na ce, "To ke wace ce?"

"Rose," ta ce. "An rubuta sunana a kan dutse, ina tsaye ina kallo."

Wuta ta dawo bayan isha. Washegari da safe na shiga da shayi da burodi, ba ta san ni ba, ba ta san abin da ya faru jiya ba. Na ce, "Madam Nansi, ga shayi." Ta juya fuska bango. Na tsaya da farantin a hannu. Na leƙa ƙofa, ba kowa. Na rage murya na ce, "Rose, ga shayi." Ta juyo, ta karɓa, ta cinye burodin tas da safiyar Allah. Ba ta sake neman wasa ba. Ranar salla muka kwance jan yadin, Mma Hawa ta wanke falon gaba ɗaya da ruwan gishiri.

Na yi ta juya maganar. A aikinmu an koya mana kada mu ɗauki zancen mai ciwon mantuwa a matsayin shaida. Na ga waɗanda suka ce su ne uwayensu, na ga wanda ya ce shi ne gwamna. Mai yiwuwa Nansi ce, baƙin cikin shekara sittin ya juya mata kai. Fasfonta Nansi, takardar aurenta Nansi, takardar haihuwar ɗanta Nansi. Na tambayi Mma Hawa ko in gaya wa maigida. Ta ce, "Ba kai aka ba ajiya ba? Ajiya ba a kai shi kasuwa." Ban gaya masa ba. A rahotona na rubuta cewa mara lafiya tana cin abinci sau uku, nauyinta yana ƙaruwa.

Ta yi ƙarfi har likita ya yarda ta hau jirgi a watan Oktoba, lokacin da iska ta fara sassautawa. Saura kwana biyu su tafi, ina ba ta abincin rana a ɗakinta, na manta Mista Kolin yana gida. Ta tsaya da tauna, na ce, "Yalla, Rose, saura cokali biyu." Ta ce, "To," ta buɗe baki.

Na juya zan ɗauki ruwa, sai na gan shi a bakin ƙofa da akwati a hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya dube ni, ya dubi uwarsa. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga hannu. Ya ajiye akwatin a hankali, ya zo ya durƙusa a gaban kujerarta, mutum mai furfura, mai shekara kusan sittin. Wata shida ke nan ba ta gane shi ba, idan ya ce Mama sai ta tambaye ni ko mai gyaran famfo ne.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, a hankali, kamar mai taka ƙasar da bai yarda da ita ba, "Rose?"

Ta ɗago kai. Ta sa hannu ta shafa gashinsa.

"Kolin," ta ce. "Ina ka shiga tuntuni?"